Gyaran da Na Yi wa Motar Surukina Ban Faɗa Masa Ba

Na ɓata ayyuka da dama a shekarun da na yi ina kanikanci a Tawa, kuma yawancinsu na manta da su, don bakaniken da ke riƙe duk kuskurensa a rai ba zai ƙara ɗaukar sifana ba. Amma akwai guda ɗaya wanda ko na tsufa na rikice har na fara haɗa sunayen jikokina, ba na jin zai fita daga kaina. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, aikin bai ɓaci ba. Da za a ce in nuna gyara ɗaya da hannuna ya yi tsaf, shi zan nuna. Duk da haka shi ne ya karya hannun wata baiwar Allah, ya kuma kusa raba surukina da motar da ya fi shekara ashirin yana tuƙawa.

Surukin nawa, wanda nake kira Baba, direba ne. Yana da wata tsohuwar mota kat-kat mai buɗaɗɗen baya, fentinta ya koɗe har ba ka iya rantsuwa a kan launinta na asali. Da ita yake kwasar 'yan kasuwa da buhunansu da awakinsu daga Tawa zuwa Tebaram da ƙauyukan da ke kan hanya. Lokacin da abin nan ya faru na shekara biyar da auren 'yarsa, garejina kuma bai fi tafiyar minti goma daga gidansa ba, amma ko sau ɗaya motar nan ba ta taka ƙofata ba. Shi yake gyara abarsa a gindin bedin ƙofar gida, wato darbejiya. Ba gaba muke ba, kunya ce. In na hango shi a kan hanya, sai in canza lungu. In kuma ba makawa, in tuɓe takalmi in tsuguna, mu gaisa ido a ƙasa, kowa ya kama gabansa. Ban taɓa cin ko ƙwayar gyaɗa a gabansa ba. Ga shi matata ita ce 'yarsa ta fari, ita ma ba ta zama su yi hira, ko sunanta ba ya kamawa. Duk saƙon da zai tashi daga gidana zuwa kunnensa sai ya bi ta wajen Inna, surukata.

A shekarar akwai wata magana da ke ta tafasa a gidan. Babban ɗansa namiji, wanda ke aikin ofis, ya dage cewa Baba ya tsufa, ya kamata ya ajiye tuƙi ya huta. Ba mugunta ba ce, tsoro ne, amma yadda yake faɗin maganar kamar yana karanta takardar gwamnati shi ke ɓata ta. Baba kuwa motar nan ita ce mutuncinsa. A tasha kowa ya san bai taɓa zubar da kowa ba. Matata ta gaya mini cewa rannan da aka matsa masa, amsa ɗaya ya bayar: "Ran da nis sa ɗan wani cikin rami, ni da kaina zan aje makulli. Kahin nan ku ƙyale ni." Kowa ya riƙe maganar.

Ana cikin damina, gero ya fara fitar da kai, sai aka yi wa Baba rasuwar wani abokinsa a Barmu. Ya bi wata mota ya tafi, zai kwana uku. A rana ta biyu aka tafka ruwa, katangar da motarsa ke jingine da ita ta tsage. Inna ta aiko a ce mini in zo in matsar da ita kafin gini ya faɗo mata. Ranar ce na fara zama a kujerar direban motar nan.

Na tayar da ita, na murɗa sitiyari dama, sai motar ta ci gaba da tafiya gaba abinta kamar ba da ita nake ba. Saura kaɗan in shiga bedin. Na tsaya, na riƙe sitiyarin na kaɗa shi hagu da dama ina leƙen tayar gaba ta taga. Sai da ya yi tafiyar taƙi guda cur kafin tayar ta ko motsa. Mu kanikawa abin da muka sani, wasan sitiyari in ya wuce faɗin yatsa biyu, mota ta fara neman magani. Na zauna ina ta tunanin mutum ashirin da awakinsu a bayan wannan abu, a kan hanyar Tebaram mai yashi da kwazazzabai. Gaskiya tsoro ya kama ni. Amma in ban yi ƙarya ba, tare da tsoron akwai wani daɗi da na ji, irin daɗin da mai sana'a ke ji in ya ga ciwon da ya san maganinsa. Maimakon in matsar da ita taku goma kamar yadda aka ce, sai na lallaɓa da ita har gareji.

Na ɗaga gabanta da jak, tayoyi suka bar ƙasa. Ban fara da akwatin sitiyari ba, don wanda bai san aiki ba ne ke rugawa can. Na fara girgiza tayoyin, na bi sandunan da ke haɗa su gaɓa-gaɓa, na ga duk lafiya lau, an sha musu giris, an ɗaure su da kyau. Tsohon ya san abin da yake yi. Wasan duk yana cikin akwatin, inda haƙoran ƙarfe biyu suka cinye juna saboda shekaru. A saman akwatin akwai wani ƙusa mai bari, irin wanda ake murɗawa, da noti ke riƙe da shi, shi ne ke matso da haƙoran kusa da juna. Nasa ya yi tsatsa ya kafe, ka san an daɗe da fid da rai da shi. Na jiƙa shi da mai, na ba shi lokaci, na ɗan ɗanɗana masa wuta, har ya saki. Na daidaita tayoyi suka kalli gaba sak, don a nan ake awon, in ka yi shi sitiyari na karkace zai cije maka a tsakiya. Sannan na riƙa murɗa ƙusan kaɗan-kaɗan, kwata ɗaya in tsaya, in juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe in ji ko akwai inda yake ɗaurewa. Da wasan ya dawo yatsa biyu sai na tsaya, na riƙe ƙusan, na ɗaure notinsa, na cika akwatin da mai. Na fita da ita bayan gari na gwada. Tana bin hannu kamar amaryar mota, in ka sha kwana sitiyari ya dawo da kansa.

Na mayar da ita gidan, na ajiye nesa da katanga. Da na koma gida na ce wa matata ta gaya wa Inna na ɗan duba motar, na zuba mata mai. Ta kalle ni, ta ga riga duk baƙin mai tun safe har la'asar, ta tambaye ni ko shi ke nan saƙon. Na ce shi ke nan.

Na sha tambayar kaina dalilin da ya sa na rage maganar haka. A lokacin na ce wa zuciyata ladabi ne. In na aika cewa na gyara masa sitiyari, kamar na ce masa ne shekara da shekaru yana ɗaukar rayukan mutane a mota marar lafiya, ni ɗan bana-bakwai na gano. Kuma maganar za ta iya kai wa kunnen babban ɗansa ta zame masa hujja. Wannan duk gaskiya ne. Amma akwai na uku da sai da na girma na yarda da shi: ina son ya kama sitiyarin ya ji daɗinsa, ya gane da kansa wanda ya yi, ya sa mini albarka a zuci. Yabo nake nema, irin wanda ba sai na roƙa ba.

Abin da ban yi tunani ba shi ne hannun Baba. Shekara ashirin wasan nan yana ƙaruwa a hankali, hannunsa yana ƙaruwa tare da shi. In zai kauce wa rami, sai ya wurga sitiyari taƙi guda da sauri don ya cinye wasan, sannan motar ta ɗan karkata. Ba ya ma sanin yana yi. Ni na gyara mota, na manta cewa rabin sitiyarin yana jikin mai ita.

Bayan Baba ya dawo, ranar kasuwar Tebaram, wajen azahar, wani direba ya kira ni a waya ya ce motar surukina ta bar hanya. Na hau babur, ban san yadda na isa ba. Na tarar da ita cikin gonar gero, ta kwantar da kara ya kai tsawon igiyar rijiya, ta je ta dafe wata gaɓar ƙasa ta karkace, taya ɗaya a sama. Allah ya tsare ba ta kife ba. Buhuna sun watse, awaki na ta cin geron mutane. Fasinjoji sun samu ƙujewa, amma wata mata mai sayar da fura, wadda ke zaune a kan kaya ta gefe, ta faɗo a kan hannunta na dama ya karye. Kafin in zo an riga an wuce da ita asibiti a Tawa.

Wani Buzu yana tsaye riƙe da akalar taguwa, wato raƙuma, yana ta rantsuwa cewa dabbarsa ba ta ma hau hanya ba, wuya kawai ta miƙo daga bayan wata aduwa. Fasinjoji suka ce haka ne, abin da za a ɗan kauce a wuce ne, sai kawai suka ga tsoho ya fizge mota. Ni kuwa na bi sawun taya. A kan yashi mai danshi ya fito ɓaro-ɓaro: tafiya miƙe, sai karyawa lokaci ɗaya. Ban buƙaci kowa ya fassara mini ba. Baba ya wurga taƙinsa kamar kullum, motar kuma ta ba shi taƙin gaba ɗaya.

Baba yana zaune a ƙasa a bakin gonar, hularsa a hannu. Ban taɓa ganin kansa ba hula ba sai ranar. Na tuɓe takalmi na tsuguna na yi masa barka da arziki. Ya ɗago ya kalle ni sau ɗaya, ya amsa, ya mayar da kai. Maganar tana bakina, wallahi tana bakina, amma ga mutane, ga Buzu, ga mai gona ya iso yana faɗa. Na ce bari sai an natsu. Na tashi na shiga neman igiyar da za a ja motar.

Kwana biyu ina cewa sai an natsu. A tasha magana ta gama gari cewa idon tsoho ya tafi, ya ga raƙumi ɗaya ya zama uku. Masu shan shayi a ƙofar garejina suna ta yi, har wani ya ce in ba surukina shawara ya koma jan carbi. Na yi dariyar yaƙe. Kuma kada in ɓoye, shaiɗan ya raɗa mini cewa ai dama ya tsufa, ko ba yau ba zai ajiye, in na yi shiru ba wanda zai taɓa sani. Abinci ya ƙi shiga. A rana ta uku da hantsi matata ta ajiye mini fura, ta ga ban taɓa ba, ta zauna ta ce ƙaninta ya tara 'yan'uwa, yau bayan la'asar Baba zai ba da makulli kamar yadda ya yi alkawari. Sai na gaya mata komai.

Matata ba mai faɗa ba ce, shi ya sa in ta yi magana take zama. Ta ce, "Ni tun da nit tashi ban taɓa tsayawa gaban Baba da magana ba. Amma in ba ka tahi ka hwaɗi ba, ni zan tahi, in ya so kunya ta kashe ni." Ta ɗauke furar ta shiga ɗaki.

Bayan la'asar na isa zauren gidan. Suruki ba ya shiga irin wannan zama, don haka na tsuguna a bakin ƙofa, rabin jikina a waje. Baba yana kan buzun sallarsa, babban ɗan da ƙannensa biyu suna gefe. Makullin yana kan tabarma a tsakiyarsu, ɗaure da wata tsohuwar igiyar fata da ta yi baƙi saboda riƙo. Babban ɗan yana cikin jawabi, yana cewa ba wanda ya ga laifin Baba, shekaru ne, kowa zai je can. Na yi gyaran murya. Muryar da ta fito ban san ta ba.

Na ce, "Baba, a yi mini aikin gahwara. Ba idonku ba na. Ni nit taɓa sitiyarin ran da kuna Barmu, nir rage mishi wasa, ban hwaɗi ba."

Babban ɗan ya miƙe tsaye. Abin da ya fara faɗa ba zan maimaita ba, kuma ban ga laifinsa ba. Baba ya ɗaga hannu kawai, ya ce masa ya zauna.

Ya ce, "Na sani." Bai kalle ni ba, bango yake kallo. "Tun ban hita lungunmu ba nij ji hannun baƙo gare ta. Kuma bakanike nawa ag gidanga?"

Ɗan ya ce, "Baba, kun sani, kunka bari muna ta magana kwana ukku?"

"In ce mi? In tara ku in ce mijin ɗiyata ya karya hannun matar mutane? Makulli ya hi sauƙin ajewa."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Ni ina can ina lissafin yadda zan tsira da mutuncina, shi kuwa ya riga ya yanke shawarar sayen mutuncin nawa da nasa, a bar shi da sunan makaho a tasha har ya mutu. Ban taɓa jin na ƙanƙance kamar ranar ba.

Sannan ya ci gaba, a hankali, ya ce shi ma yana da nasa kason. Da ya ji motar ta canza, abin da ya kamata shi ne ya sauke mutane ya aika a tambaye ni abin da na yi. Amma yaya zai aika wa surukinsa tambaya a kan motarsa? Sai ya ce zai lallaɓa. Ya ce duk tsawon hanya yana tuna wa hannunsa, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, har taguwar nan ta miƙo wuya, hannun bai tsaya shawara da shi ba. Ya ce, "Kai ka ji kunyar hwaɗi, ni na ji kunyar tambaya. Wadda ba ta ci ba ba ta sha ba, ita ad da karaya."

Can babban ɗan, Allah ya saka masa, ya sa yatsa ya tura makullin gaban mahaifinsa. Baba bai ɗauka ba. Ya ture shi zuwa bakin ƙofa inda nake, ya ce ya zauna a hannun mai gareji, sai ranar da mai gareji ya ce hannun Baba ya koyi sabuwar motar. In kuma bai koya ba, alkawari na nan.

Haka aka wayi gari ni ne alƙalin surukina. Bayan na miƙe abin da ya lanƙwashe a gaban motar, kullum da sassafe mukan fita wani fegi a bayan gari, shi a sitiyari, ni a gefensa, na jera jarkoki kamar garken tumaki. Ranar farko ya tattake uku, ya ce ai ni na jera su ba daidai ba. Dariya ta kuɓuce mini a gabansa, karo na farko a shekara biyar, shi ma ya yi. A fegin nan na ji labarin yadda ya sayi motar, da yadda ƙusan nan ya gagare shi har ya haƙura. Sai da muka yi sati biyu. Ranar ƙarshe muna tafiya na wurga hulata gaban motar ba tare da na gaya masa ba. Hannunsa ya motsa yatsa biyu, motar ta kauce sumul, hular ko ƙura ba ta sha ba. Na miƙa masa makulli da hannu biyu. Ya ƙara shekara uku yana bin hanyar Tebaram bai ko taka kaza ba, sannan wata rana ya ajiye da kansa, ba wanda ya ce masa.

Mai furar ce ba ta samu irin wannan ƙarshen ba. Hannun ya ɗore amma a karkace, ba ta ƙara iya riƙe taɓarya ba. Mun yi mata abin da za mu iya, ni da Baba, amma ba mai mayar wa mutum hannunsa. Na je har gidanta na gaya mata gaskiyar yadda aka yi. Na ɗauka za ta yi mini Allah ya isa. Sai ta saurare ni har na gama, ta ce ƙaddara ce, ta yafe. Ina shirin tashi ta ce, "Amma ɗana, maganar da kak kasa hwaɗi, tana da tsawo na?" Na ce mata a'a, ba ta kai gaisuwa tsawo ba. Ta gyaɗa kai.

Baba ya rasu yanzu, Allah ya jiƙansa. Mai furar tana nan, tana sayar da gyaɗa a bakin tasha, da hagu take auna wa mutane. Duk ranar da na bi ta wurin sai ta ɗaga mini karkataccen hannun nan ta gaishe ni da fara'a, kuma wannan fara'ar ta fi zagi yi mini nauyi.

Tun daga lokacin, mota ba ta fita garejina sai mai ita ya zauna a kujerarsa, na nuna masa duk abin da na taɓa, ya zagaya da ita ina gefensa. Wasu suna cewa na cika surutu, ina jinsu. Har gobe ina tuɓe takalmi in gaida manya, ban yar da kunya ba, ita ce adonmu. Amma na koyi cewa gyaran da mai abu bai sani ba tarko ne ka ɗana masa, ko da zuciyarka fara ce. Kuma duk kunyar da za ta rufe maka baki a kan abin da ran wani ke rataye da shi, ba kai za ka ɗauki nauyinta ba, wani ne da ke zaune a bayan mota, wanda bai ma san sunanka ba.